Lenovo, HP, Dell da Apple: Inda Ciniki Yake da Inda Riba Take

Yayana ya shafe shekaru yana kula da wani shagon sayar da kwamfutoci da gyaransu a titin Khalid bin Walid da ke Jidda, kuma duk wanda ya san titin ya san cewa nan ne matattarar masu wannan sana'a. Wani dare bayan sallar Isha'i, muna zaune a bayan shagon tsakanin kwalayen da ba a kwance ba, ya ajiye kofin shayinsa ya ce da ni, "Kai da kake ta karance-karancen nan, duba mini wani abu. Ba abin da ke fita daga shagon nan kamar Lenovo, ga shi kuma an ce hukumar ƙasar nan ta zuba musu kuɗi. In na sayi hannun jarinsu da ɗan abin da na tara, ai ban yi wauta ba ko?" Na ce, "Yaya, a ba ni kwana biyu in duba takardunsu tukuna." Kwana biyun ya koma mako guda, domin da na buɗe rahotannin kuɗi na kamfanonin huɗu da suka mamaye kasuwar, sai na tarar cewa abin da ido ke gani a kan kanta da abin da lissafi ke faɗa sun yi hannun riga.

Kafin a gwada su, dole a san cewa shekarar lissafinsu ba ɗaya ba ce. Apple tana rufe littafinta a ƙarshen Satumba, HP a ƙarshen Oktoba, Dell a wajen ƙarshen Janairu, Lenovo kuma a ƙarshen Maris. Saboda haka abin da Dell ke kira shekarar 2025 kusan gaba ɗayansa ya faɗo ne a cikin 2024, kuma wanda bai lura da wannan ba zai iya gwada damina da rani ya ce wata gonar ta fi wata. Na ɗauki shekarun da suka fi kusa da juna, wato waɗanda suka ƙare tsakanin Satumban 2024 da Maris ɗin 2025. Alƙaluman duk da dalar Amurka suke, amma tun da Riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, mai zama a Saudiyya ba ya da wahalar juya su.

Yaya bai yi kuskure ba game da yawan ciniki. A 2024, kusan kwamfuta ɗaya cikin kowace huɗu da aka sayar a duniya ta Lenovo ce, ɗaya cikin biyar ta HP, Dell tana da wajen kashi 15 cikin ɗari, Apple kuma ba ta kai kashi goma ba. Amma da aka zo rabon riba sai layin ya juye. Lenovo ta yi cinikin dala biliyan 69.1, abin da ya rage mata bayan an cire komai wajen biliyan 1.4 ne. HP ta yi cinikin biliyan 53.6 ta tsira da biliyan 2.8. Dell ta yi na biliyan 95.6 ta tsira da kusan biliyan 4.6. Apple kuwa ta yi cinikin biliyan 391, ribarta biliyan 93.7. Idan aka mayar da wannan zuwa lissafin ɗan kasuwa, a kowane Riyal ɗari da ya shiga aljihun kamfanin, Lenovo tana kwana da Riyal biyu, HP da Dell wajen biyar kowannensu, Apple kuma ashirin da huɗu. Da na karanta wa Yaya wannan sai ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ba girin-girin ba, ta yi mai."

Dalilin siririyar ribar Lenovo yana cikin kwamfutar kanta, kuma mai gyara ya fi kowa saninsa. Idan aka kwance murfin bayan kwamfutar tafi-da-gidanka, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki ta Intel ce ko AMD, ma'adanar bayanai galibi ta Samsung ce ko SK Hynix ko Micron, manhajar Windows kuma ta Microsoft ce, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya yanki rabonsa kafin a liƙa tambarin kamfanin a kan murfi. Abin da ya rage wa mai tambari shi ne zane, haɗawa, jigila, talla da garanti, kuma a nan ne ake gasar rage farashi. Bayan Lenovo ta biya kuɗin kayan da ta sayar, kusan kashi 16 cikin ɗari ne ke rage mata ta biya albashi da bincike da haraji, alhali Apple tana da kashi 46. Wannan ƙuncin ne ya kori manya da dama daga sana'ar. IBM ta sayar wa Lenovo sashenta na kwamfuta a 2005, wanda ta nan ne ThinkPad ta koma hannun kamfanin na Sin, Sony ta rabu da VAIO a 2014, Toshiba ta miƙa mafi yawan nata ga Sharp a 2018, Fujitsu ma a shekarar ta bar wa Lenovo kaso mafi tsoka na nata.

Duk da haka, bai kamata a raina Lenovo ba. Ita ce ta fi saurin farfaɗowa daga faɗuwar kasuwa, domin cinikinta ya tashi daga biliyan 56.9 zuwa biliyan 69.1 cikin shekara guda, lokacin da na HP ya tsaya cak. Tana da masana'antu nata na kanta da yawa, kusan kashi uku cikin huɗu na cinikinta a wajen ƙasar Sin take yinsa, kuma tana da wani sashe na kula da na'urorin kamfanoni bisa kwangila wanda ke kawo fiye da biliyan 8 a shekara da ribar wajen kashi 20 cikin ɗari. Raunin yana wajen manyan na'urorin sabar, waɗanda ake jerawa a cibiyoyin adana bayanai: cinikin sashen ya haura biliyan 14, amma da ƙyar yake mayar da abin da aka kashe a kansa.

Maganar kuɗin Saudiyya da Yaya ya ji gaskiya ce, sai dai tana buƙatar a warware ta. A watan Mayun 2024 ne kamfanin Alat, mallakar Asusun Zuba Jari na Gwamnati wanda aka fi sani da PIF, ya amince ya ba Lenovo dala biliyan 2, wato Riyal biliyan 7.5, aka kuma kammala yarjejeniyar a Janairun 2025. An ba da kuɗin ne a matsayin takardun bashi marasa kuɗin ruwa na shekara uku, waɗanda za a iya mayarwa hannun jari, ita kuma Lenovo ta ɗauki alƙawarin kafa hedikwatarta ta yankin da kuma masana'anta a Riyad. Ga mai shago a Jidda wannan albishir ne, domin kaya da kayan gyara za su matso kusa. Ga mai hannun jari kuwa abin yana da fuska biyu: kamfanin ya samu kuɗi ba tare da ruwa ba, amma ranar da aka mayar da takardun nan hannun jari, sabon mai rabo zai shigo da fiye da kashi goma cikin ɗari, kuma tuwon da ake ci zai ƙaru da hannu ɗaya. Sannan manufar asusun gwamnati ta haɗa da samar da ayyukan yi da kawo fasaha cikin ƙasa, wanda riba ce a gare shi ko da farashin hannun jarin bai motsa ba. Yaya ba shi da wannan riba ta biyu.

HP kuwa, wanda bai san sirrinta ba sai ya ɗauka da kwamfuta take ci. Na tambayi Yaya ya nuna mini firinta mafi araha a shagon, ya sauko da wata ƙarama, sannan na ce ya ɗora mini kwalin tawadarta a kai. Ya yi dariya tun kafin in yi magana, domin ya san wanda ya sayi injin sau ɗaya yake zuwa, amma wanda tawada ta ƙare masa kullum yana hanya, kuma cikin 'yan watanni kuɗin tawadar yake zarce kuɗin injin. Haka lissafin kamfanin yake. Sashen kwamfuta ya kawo wajen biliyan 36 da ribar kusan kashi 6 cikin ɗari, sashen ɗab'i ya kawo wajen biliyan 17 da ribar kusan kashi 19, ta yadda kashi ɗaya cikin uku na ciniki ne ke samar da fiye da rabin ribar aiki, wato ribar da ta rage kafin a cire haraji da kuɗin ruwa. Matsalar ita ce saniyar da ake tatsa tana tsufa. A nan Saudiyya ma kowa shaida ne: sabunta iƙama, neman izinin Umara da biyan tara duk sun koma cikin waya, takardun da a da ake cika jaka da su yanzu ba wanda ke bugawa. Cinikin HP ya sauko daga biliyan 63.5 a 2021 zuwa biliyan 53.7 a 2023, kuma ko da ya ɗan ɗaga zuwa biliyan 55.3 a 2025, ribar ta ƙara sauka zuwa biliyan 2.5. Sau biyu, a Nuwamban 2022 da Nuwamban 2025, kamfanin yana sanar da shirin sallamar ma'aikata dubu huɗu zuwa dubu shida. Kamfanin Berkshire Hathaway na Warren Buffett ya sayi fiye da kashi goma na HP a 2022, amma bai daɗe ba ya fara sayarwa har ya fita.

Abin da HP ke da shi na jan hankali shi ne tana mayar wa masu hannun jari kusan duk rarar kuɗin da ta samu, ko ta hanyar rabon riba, wanda ya kai wajen dala 1.10 a kowane hannun jari a 2024, ko ta hanyar sake sayen hannayen jarinta daga kasuwa. Ta dace da mai neman ɗan abin da zai riƙa shigowa kowane wata uku, ba ta dace da mai neman dukiyarsa ta ninka ba.

Dell ce ta fi ɗaukar mini lokaci, domin kamfani biyu ne a riga ɗaya. Michael Dell ya kafa ta a 1984 yana ɗalibi a jami'ar Texas, ya janye ta daga kasuwar hannun jari a 2013 a kan kusan dala biliyan 25, ya sayi kamfanin EMC mai kera na'urorin adana bayanai a 2016 a kan biliyan 67, yawanci da bashi, sannan ya dawo da ita kasuwa a Disamban 2018. Wannan sayayyar ce ta sauya fasalinta. A shekarar da muke dubawa, sashen kwamfutoci ya yi cinikin biliyan 48.4 ya kawo ribar aiki ta wajen biliyan 3, sashen sabar da ma'adanai ya yi cinikin biliyan 43.6 ya kawo biliyan 5.6. Ke nan sashen da ya fi ƙanƙanta a shekarar ne ke ɗauke da gidan, kuma shi ne mai girma, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna rububin sabar masu ɗauke da ƙwaƙwalen Nvidia, har Dell ta fitar da na kusan biliyan 10 a shekarar.

Sai dai a nan ma akwai abin lura, kuma shi ne abin da masu yayata labarin ba su cika faɗa ba. Mafi tsadar abin da ke cikin irin wannan sabar ƙwaƙwalwar Nvidia ce, don haka mafi yawan kuɗin da abokin ciniki ya biya wucewa kawai yake yi ta hannun Dell. A daidai wannan shekarar Nvidia ta yi cinikin biliyan 130.5 ta ci ribar biliyan 72.9, fiye da rabin abin da ya shigo mata, alhali Dell da ta haɗa injin ta kai shi har ƙofar mai saye ta tashi da Riyal biyar a ɗari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ciniki yana ƙaruwa da sauri, kason riba a kan kowace dala kuma yana raguwa, kuma bashin Dell a ƙarshen shekarar ya kai wajen biliyan 24 zuwa 25, wanda wani ɓangarensa na sashen da ke ba abokan ciniki kaya bashi ne. A ƙara da cewa hannun jarin da talaka ke saye ƙuri'a ɗaya gare shi, na Michael Dell kuwa goma-goma, saboda haka mai saye abokin tafiya ne, linzami yana hannun mai gida.

Akwai wani abu da ya firgita Yaya da na nuna masa, wato HP da Dell duka biyun, a takarda, abin da ake bin su ya fi abin da suka mallaka. A shago irin nasa wannan alamar karyewa ce. A wurinsu kuwa abubuwa biyu ne suka haifar da shi. Na farko, sun kashe biliyoyi wajen sake sayen hannayen jarinsu, kuma dokar lissafi tana cire wannan daga jarin masu kamfani. Na biyu, suna karɓar kuɗin abokin ciniki kafin lokacin biyan masu kawo musu kaya ya yi, kamar ɗan kasuwar da ke ɗaukar kaya bashin wata biyu daga dila ya sayar hannu da hannu cikin mako uku, yana juya kuɗin wani kafin ya mayar. Muddin kasuwa tana tafiya, dabara ce mai kyau. Ranar da ciniki ya ja baya, bashin dila yana nan a kan lokacinsa, kuɗin shiga kuma ya ragu.

Apple ba ta buƙatar dogon bayani, domin saka ta a wannan layi ma kusan zalunci ne. Kwamfutocin Mac sun kawo biliyan 30 ne kacal, ƙasa da kashi 8 cikin ɗari na cinikinta, yayin da iPhone ta kawo biliyan 201, hidimomi irin su kantin manhajoji da ma'ajiyar intanet suka kawo biliyan 96. Tun da ta fara saka ƙwaƙwalwarta ta kanta a Mac a Nuwamban 2020, ga manhajarta ta kanta, ba ta biyan Intel ba ta biyan Microsoft. Ribar biliyan 93.7 ɗin ma sai da aka zabtare mata harajin fiye da biliyan 10 bayan hukuncin kotun Tarayyar Turai kan harajinta a ƙasar Ailan, shekarar da ta biyo baya kuwa ta ci biliyan 112. Amma kamfanin ba ya bayyana ribar Mac ita kaɗai, kuma wanda ya sayi hannun jarinsa a kan waya ya dogara, ba a kan kwamfuta ba. Kasuwa kuma ta riga ta san kyawunta: a 2024 da 2025 ana sayen hannun jarin Apple a kan wajen ninki talatin na ribar shekara, wani lokaci fiye, na HP kuwa a kan ninki goma zuwa sha uku. Kamfani mai kyau da aka saya da tsada yana iya ba mutum ƙasa da abin da matsakaici mai araha zai ba shi.

Ga Musulmi akwai ma'auni na daban da ke gaban duk waɗannan. Ƙa'idar hukumar AAOIFI mai tsara wa cibiyoyin kuɗi na Musulunci ƙa'idoji, wadda yawancin kwamitocin shari'a na bankunan yankin nan ke bi ko suke bin makamanciyarta, ita ce kada bashi mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin a kasuwa, kada kuma kuɗin shiga na haram ya wuce kashi 5, sannan a fitar da wannan ɗan kason a sadakar. A 2024 Apple tana da bashin fiye da biliyan 100, amma darajarta ta haura tiriliyan 3, don haka ba ta ko kusa da iyakar. HP tana da bashin wajen biliyan 10 kawai, sai dai a 2024 da 2025 darajarta ta yi ta yawo tsakanin biliyan ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu, ke nan tana tsaye a bakin layi, faɗuwar farashi kaɗan tana iya tsallakar da ita. Dell ma matsayinta yana sauyawa da farashin hannun jarinta. Hukuncin bara ba ya isar wa bana, dole a duba jerin da dillalin mutum ke sabuntawa. Haka nan Amurka tana cire kashi 30 cikin ɗari daga rabon ribar da take biyan mazaunin Saudiyya, wanda ke rage armashin HP sosai tun da rabon ribar ne babban abin tallarta. Ita kuma Lenovo a kasuwar Hong Kong take, ba kowane dillali a nan ne ke buɗe wa mutum wannan ƙofa ba.

Abin da na faɗa wa Yaya a ƙarshen makon ya rabu biyu. Game da kayan da zai cika shago da su, siririyar ribar Lenovo alheri ce ga mai saye, kuma Lenovo da HP da Dell duka ukun suna da ƙarfin da za su cika alƙawarin garanti, saboda haka ya bi abin da abokan cinikinsa ke nema. Game da ajiyarsa kuwa, a cikin ukun da ke kera kwamfutocin Windows, lissafin Dell ne ya fi gamsar da ni, domin ita ce ribarta ba ta rataya a kan kwamfuta ko tawada ba, ko da yake ban so bashinta ba. Amma na tuna masa 2023. A 2021, lokacin da korona ta tsare mutane a gida yara suka koma karatu ta intanet, an sayar da kwamfutoci kusan miliyan 350 a duniya, a 2023 adadin ya faɗo zuwa wajen miliyan 260, ribar Lenovo ta rabu biyu daga biliyan 2 zuwa biliyan 1, cinikin Dell ya zube daga biliyan 102.3 zuwa 88.4, Mac ma ta sauka daga biliyan 40.2 zuwa 29.4. Shi kansa bai manta da watannin da ya yi yana kaɗe ƙura daga kwalaye ba. Mutumin da abincinsa ke fitowa daga cinikin kwamfuta, idan ya zuba ajiyarsa a Lenovo ko HP, ranar da kasuwa ta mutu shago da ajiya tare za su kwanta.

Ya ce zai jira ya ga rahoto ɗaya ko biyu kafin ya taɓa kuɗin, kuma jiran yana da dalili. Dakatar da tallafin Windows 10 da Microsoft ta yi a ranar 14 ga Oktoban 2025 ya tilasta wa ofisoshi da yawa sauya injuna, wanda ya kumbura cinikin kowa na ɗan lokaci, a ƙarshen shekarar kuma farashin ma'adanar bayanai ya yi tashin gwauron zabo saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe ta. Kamfanin da ke kwana da Riyal biyu a ɗari shi ne tsadar kaya za ta fara taɓawa idan bai iya ɗora ta a kan mai saye ba. HP, Dell da Lenovo duk suna fitar da rahotonsu a watannin Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba, na kuma rubuta masa a bayan wata tsohuwar rasit layin da zai nema a kowane ɗaya: kason ribar aiki na sashen kwamfuta, a gwada shi da na irin wannan lokaci a bara.